Bakin Habsu da Turmin Inna

Habsu ɗiyar ƙanwar babana ce, wato taubashiyata, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta a nan ina da iko. Ita ma ta faɗi wanda ya fi shi a kaina a gidajen suna da dama. A garinmu, nan yamma da Anka, idan kana son labari ya isa Bukkuyum kafin la'asar ba sai ka sayi katin waya ba. Ka gaya wa Habsu, ka haɗa ta da Allah kada ta gaya wa kowa.

In yi mata adalci, ba gulma take yi ba. Magana ce kawai ba ta samun wurin zama a cikinta, musamman maganar ciwo. Idan ka yi tari a gabanta ka shiga uku. Za ta tambaye ka yaushe ya fara, ta gaya maka wanda ya yi irinsa bara da yadda ya ƙare, sannan ta bi ka har ƙofar gida tana lissafa maka ganyen da za ka dafa. Ni tela ne, kuma akwai shekarar da na koyi haɗiye tari don kawai in gama ɗinkin Sallah lafiya.

Uwarta, Inna Sahura, ita ce mai daurin garinmu. Kowa Inna yake ce mata, har ni da ya kamata in ce Gwaggo. Duk jaririn da aka haifa, a wurinta ake karɓar garin sassaƙen da za a dafa masa, ya sha kaɗan a yi masa wanka da saura. Ta gaji sana'ar daga uwarta, ita kuma daga tata. Habsu ce kaɗai 'yarta mace, kuma tun tana budurwa ba abin da take so a duniya kamar Inna ta ba ta daurin nan.

Sai dai gidansu suna da ƙa'ida. Wadda za a ba, za ta bi uwarta daji bayan sallar asuba, su saro sassaƙen itatuwa shida, su dawo gida a daka. Daga fita har a ajiye taɓarya ba za ta yi wa kowa magana ba, ko mutum ko akuya. Bayan an ajiye taɓarya ne uwa take faɗa wa 'ya awon kowane sassaƙe, wanda shi ne ainihin sirrin. Sau uku kawai ake gwada mutum. Ni ne ɗan rakiya mai riƙe gatari, domin mata ba sa shiga daji su kaɗai, kuma Inna ta tabbata ko an ɗaure ni a jikin marke ba zan bambance shi da kalgo ba.

Gwajin farko Habsu tana da shekara ashirin da biyu. Ko bakin gari ba mu fita ba muka haɗu da wata Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono, idonta ɗaya a kumbure. Na ga Habsu ta cije leɓe, ta kau da kai, ta yi taku uku. A na huɗu ta juyo.

"Baiwar Allah, mi yas sami idonki haka?"

Inna ta juya ta kama hanyar gida.

Na biyu sai bayan shekara goma. Wannan karon har mun saro itace biyu. Laifina ɗaya, na tsaya ina sosa wuya. Habsu ta leƙo ta duba wurin da kyau, sai na ji ta ce, "Lauwali, wanga ai makero na." Har yau tana cewa da gangan na yi, ni kuma har yau ina cewa ƙaiƙayi ba ya neman izini.

Saura gwaji ɗaya ke nan, kuma Inna ta ƙi sa rana. Shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Idan Habsu ta yi maganar sai Inna ta ce gara ta tafi da abinta kabari da ta miƙa wa gidan rediyo. Muna dariya, amma na san maganar tana cin Habsu. Inna tana tsufa, gwiwoyinta sun fara ƙin daji.

Habsu tana da shekara talatin da tara, ta aurar da babbar 'yarta, ta yaye autanta, sai ta ji sanarwa a rediyo cewa wata kwaleji a Sakkwato tana ɗaukar ɗalibai karatun difloma na magungunan gargajiya da sauran hanyoyin jinya da ake haɗawa da na asibiti. Ta tono takardar sakandarenta daga ƙasan akwati, ta kai wa mijinta Surajo, mai gyaran injin ban ruwa. Surajo mutum ne mai haƙuri wanda ya shekara ashirin bai ƙarasa jimla ba a gidansa. Ya amince da saurin da ya sa ta ɗan ji haushi.

Ranar da za ta tafi ta biyo ta shagona karɓar hijabanta. Ta rage murya, abin da a wurinta yake nufin na shago na uku ne kawai ba zai ji ba.

"In Inna ba ta ba ni ba, boko za shi ba ni."

A kwaleji ita ce babba a aji, yaran suna ce mata Mama. An koya musu sanin ganye da saiwa, da tausa, da ƙaho irin na zamani mai kofin roba, da abincin da ya dace da mai hawan jini, da wasu siraran allurai na mutanen Sin. Duk wannan mun sani dalla-dalla, domin kowane hutu sai mun yi karatun tare da ita ko muna so ko ba ma so. Alluran dai ba wanda ya yarda ta gwada a jikinsa, sai a kabewa ta yi ta soka su. Surajo ne ya fi shan wahala. Kullum da safe sai ta zaunar da shi a tabarma ya rufe ido ya ja numfashi a hankali har goma, wai damuwa ta yi masa yawa. Ya ce mini shi bai san yana da damuwa ba sai da aka fara yi masa maganinta.

Wata rana ta zauna tana yi wa Inna bayanin babban abin da malamarsu, Dakta Mardiyya, ta koya musu. Ta ce mutum ba ciwonsa ne kaɗai ba. Kafin ka ba shi magani sai ka tambayi yadda ya kwana, da yadda aikinsa yake, da lafiyar iyalinsa, da ko akwai gajiya, da abin da yake damun ransa. Inna ta saurara har ƙarshe tana tsinke zogale.

"Habsu, wagga ai gaisuwa ta. Sakkwato kinka tahi koyon gaisuwa?"

Amma kada in yi mata rowar yabo, ta koyi abu. Ita da a da kowane ciwo tana da ganyensa, sai ga shi ta dubi ƙafar matar maƙwabcinmu Audu ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a tafi asibitin Anka yau ba gobe ba, kuma aka iske ciwon suga ne. Gwiwar Inna ma ta kama ta da tausa da man kaɗanya. Inna ba ta taɓa cewa ta ji daɗi ba. Kullum dai bayan la'asar za ka ga ta shimfiɗa tabarma kusa da inda Habsu take, ta miƙe ƙafa tana kallon wani wuri.

A shekara ta biyu aka ce kowane ɗalibi ya kawo wani magani na garinsu a auna shi a ɗakin gwaje-gwaje, ya rubuta aikin kammala karatu a kansa. Nan Habsu ta ga ranar da take jira. Ta faki idon Inna ta ɗebi cokali biyu daga goran dauri, ta ƙulle a leda. Tabbas ta gaya mini, ba ta da yadda za ta yi. A tunaninta za a zuba garin a inji, injin ya yi ƙara, ya fito da takarda ɗauke da sunan itatuwa shida da awon kowanne. Na ce mata sata ce. Ta ce aro ne na ilimi.

Bayan mako uku Dakta Mardiyya ta kira ta ofis ta rufe ƙofa. Ta ce injin bai san sunan itace ba, ba aikinsa ba ne. Abin da ya gani a garin shi ne dalma. Ba mai yawan da za ta kayar da yaro nan take ba, amma jariri ko kaɗan ba a so ta shiga jikinsa. Ta tambaye ta daga wane gari take. Da ta ji an ce ƙasar Anka sai ta ce da wuya sassaƙe ya zo da wannan daga daji. Ta ce, a cikin me ake daka shi?

Wanda ba ɗan nan ba ne sai an yi masa bayani. A shekarar 2010 zinari ya ɓulla a ƙasarmu. Maza suna haƙo dutse su kawo gida, mata suna dakawa a tsakar gida, yara suna rarrafe a cikin ƙurar. Ba wanda ya san dutsen yana da gubar dalma sai da yara suka fara mutuwa, a Dareta, a Abare, a Tungar Guru, har da garinmu. Ba na son tsayawa a kan wannan shekara. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidaje, suka kwashe duk turmin da ya taɓa dutse. Inna ta ɓoye nata na dauri a cikin rumbu. Ƙaramin turmin itacen ƙirya ne na kakarta, kuma a al'adarsu ba a wanke shi, ana cewa albarkar magani a jikinsa take. Ta rantse dutse bai taɓa shiga cikinsa ba, kuma iya saninta gaskiya ta faɗa.

Abin da ba ta sani ba ya faru ne a wannan shekarar, lokacin da ta yi wata guda a Gummi wurin jegon matar ɗanta. Turmin Habsu ya tsage ana tsakiyar aiki, sai ta ɗauki na Inna ta daka dutse a ciki kwana huɗu, ta goge da tsumma ta mayar inda yake. Da mutuwa ta fara, tsoro ya hana ta faɗa, daga baya ta lallashi kanta cewa ai ta goge. Matar da ba ta iya riƙe labarin makero na minti ɗaya ba, ta riƙe wannan shekara goma sha huɗu, ko ni ban sani ba.

Ta dawo hutu ba Habsun da muka sani ba. Ka gaishe ta, ta amsa, shi ke nan. Na yi tari a gabanta har sau uku, ko kallona ba ta yi ba. Surajo ya tsorata har ya zo shago yana tambayata ko akwai maganin da ake ba wanda ya daina magana. Washegarin dawowarta goran dauri ya kife a bayan ɗaki, ta ce kaza ce. Garin da ya rage duka ya bi ƙasa, kuma ga matar liman ta haihu ana jiran dauri.

Inna ta yi mako guda tana lura da ita. Ita a ganinta karatu ne ya yi aiki, 'yarta ta natsu. Ranar Laraba da yamma Inna ta aiko aka kira ni, ta ce in wasa gatari.

"Gobe za mu daji. Wanga shi na na ukku, ta sani."

Habsu ta gaya mini daga baya lissafin da ta yi. Idan ta daure ta yi shiru na safiya ɗaya, dauri ya zama nata. Bayan nan sai ta canja turmi a hankali ba tare da kowa ya ji ba. Ba maganar sata, ba maganar dutse, Inna ta ƙare kwanakinta da mutuncinta. Lissafin ya yi kyau ta ko'ina, in ban da garin da za a daka a ranar, da yaran da suka riga suka sha.

Muka fita bayan asuba. A hanya muka wuce wani tsoho yana ɗingishi da tsumma a ƙafa, irin wanda a da sai ta san sunan kakansa kafin ta bar shi. Ta wuce kanta a ƙasa. Itace na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu ƙaya ta soke ni na yi ƙara, ba ta waiwayo ba. Na ga Inna tana satar kallonta, fuskarta tana sakewa. Da muka sari na shida tsohuwar har ta dafa kafaɗarta wajen tashi, abin da ban taɓa gani ba. Ni kaina murna nake yi, don ban san komai ba a lokacin.

Hantsi ya ɗaga muka shigo gida. Inna ta shiga ɗaki ta fito da turmin rungume a ƙirji, ta ajiye a gindin darbejiya, ta zuba sassaƙe, ta miƙa wa Habsu taɓarya. Dakan ba zai wuce na rabin awa ba. Habsu ta karɓa, ta ɗaga sama, ta tsaya a haka. Sai ta sauke ta jingine ta a jikin bishiya.

"Inna, kak ki bari a daka cikin turmin ga."

Inna ta rufe ido. Ni kuwa haushi ne ya kama ni, har na ce a raina wannan mata ba ta da rabo.

"Kin yi magana," in ji Inna.

"Na sani. Akwai dalma cikinai. Ni nis sa ta."

Ta durƙusa ta faɗi komai, tun daga kwana huɗun nan har cokali biyun da ta sata, da takardar Dakta Mardiyya, da kazar da aka ɗora wa laifi. Ba ta yi ado ba, ba ta kawo labarin wani ba. Ban taɓa jin ta yi magana gajera haka ba, kuma tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta.

Inna ta daɗe tana kallon turmin. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce ƙarya boko yake yi. Sai na ga tana lanƙwasa yatsu, bakinta yana motsi. Gidaje take ƙirgawa.

"Waɗanda anka yaye da daɗewa, a yi musu mi?"

"A auna jininsu, Inna. In an ishe da yawa akwai magani."

"Gida arba'in da ɗaya na, waɗanda nit tuna. Lauwali, kai turmin ga bayan gari ka gina rami mai zurhi. Ke kuma ɗauko mayahinki."

Na kai turmin na binne, na dawo na iske su a ƙofar gida na farko, gidan wani manomi da Inna ta yi wa 'ya'yansa biyar dauri. Shekara hamsin tana shiga gidajen garin nan ba ta jiran a amsa sallama, amma ranar ta tsaya a zaure ta kasa wucewa. Ta kama wuyan hannun Habsu.

"Ni ban iya magana ba, ke za ki yi. Amma ki ce musu ni ta. Ki ce ni nid daka dutse ciki, na manta. Kak ki hwaɗi sunanki."

"Inna, ba ke ta ba."

"Ni na tsuhwa, in sun ƙi ni ba komi. Ke za su nema gobe."

Habsu ta yi sallama ta shiga. Mu muna zaure, kuma muryar Habsu ba ta san katanga ba. Ko zama ba ta yi ba muka ji ta tana cewa ta zo da magana mai nauyi, laifinta ne ita Habsu, Inna ba ta san komai ba. Haka ta yi a gida na biyu, haka ta yi a na arba'in da ɗaya bayan kwana uku. Wasu sun zage ta, wata ta rufe mata ƙofa, mafi yawa sun kai yaransu. A cikin waɗanda aka auna, huɗu aka ba magani, kuma duk suna nan suna zuwa makaranta. Aikin kammala karatunta a kan wannan ta rubuta shi, da sunanta a ciki.

Amma a wannan zauren na farko ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Inna tana zaune a kan dakali tana jin 'yarta tana tona kanta, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba. Ni kuma na tsaya ina juya gatari a hannu.

"Lauwali."

"Na'am, Inna."

"Yarinyag ga ba ta riƙe magana."

"Ba ta riƙewa, Inna."

Ta ja gefen mayafi ta goge fuska, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar.

"Ran kasuwar Gummi ka tahi wurin masassaƙa. Ka ce ƙirya nika so, ƙarami, mai nauyi. Ka ce na ɗiyata na."